Ƙungiyar Boone and Crockett: Mafarautan da Suka Yi wa Farauta Linzami a Amurka, da Kundin Awon Ƙahonsu

Boone and Crockett ƙungiya ce ta mafarauta a Amurka, wadda ake lissafawa cikin mafiya daɗewa a fagen kare namun daji a nahiyar Amurka ta Arewa. An aza harsashinta a watan Disamba na 1887 a birnin New York, aka kammala tsarin mulkinta a farkon 1888. Hedikwatarta a yau tana garin Missoula na jihar Montana. Yawancin mutane sun san ta ne da kundin da take rubuta awon ƙaho da ƙoƙon kan manyan dabbobin da aka farauto, har sunanta ya zama ma'auni a bakin mafarautan Amurka da Kanada. Sai dai kundin ya zo ne daga baya. Shekaru 44 na farkon rayuwarta, ƙungiyar ta yi su ne tana fafutukar kafa dokoki, kuma waɗannan dokokin ne suka sa aka samu dabbobin da ake aunawa a yau.

Halin da aka kafa ta a ciki

A farkon ƙarni na 19, ɓaunar Amurka tana yawo a filayen yammacin ƙasar garke-garke, kuma ƙiyasin masana ya kai adadinta miliyoyi gommai. Da layin dogo ya ratsa yankin, masana'antun jima kuma suka gano amfanin fatarta, sai farautar kasuwa ta buɗe. Ana harbe ɓauna a feɗe fata, a yanke harshe, a bar nama ya ruɓe a fili. Wasu manyan hafsoshin soja ma sun yi maraba da ɓarnar, domin ƙarewar ɓauna na nufin karya lagon ƙabilun asali da suka dogara da ita wajen ci da sutura da matsuguni. A 1889, masanin dabbobi William Hornaday ya ƙiyasta cewa abin da ya rage bai wuce kimanin 1,000 ba a duk nahiyar.

Sauran dabbobi ma ba su tsira ba. Barewa mai farin wutsiya ta ɓace daga jihohi da dama. Wata tattabarar daji da garkenta kan rufe rana idan ya tashi ta ƙare ƙurmus, ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati a 1914.

Mutum biyu ne ginshiƙan kafa ƙungiyar. Na farko Theodore Roosevelt, ɗan masu hali daga New York, wanda ya je yankin Dakota a 1883 don harbin ɓauna, ya sha wuyar nema kafin ya samu guda. Na biyu George Bird Grinnell, masanin halittu kuma editan mujallar mafarauta ta Forest and Stream. Haɗuwarsu tana da ban dariya. A 1885 Grinnell ya yi sharhin wani littafin farauta da Roosevelt ya wallafa, ya yaba, amma ya nuna cewa marubucin sabon shiga ne a harkar daji. Roosevelt ya taka har ofishin mujallar don neman ba'asi. Muhawarar da suka yi a ranar ta rikiɗe ta zama abota, kuma Grinnell, wanda ya riga shi sanin yamma da shekaru, shi ya fahimtar da shi girman ɓarnar da ake yi.

Bayan shekara biyu Roosevelt ya gayyaci wasu abokansa liyafar cin abinci, ya gabatar musu da shawarar kafa ƙungiya. Suka raɗa mata sunan jarumai biyu na tarihin farautar ƙasar, Daniel Boone da Davy Crockett. Roosevelt ne shugabanta na farko, ya riƙe har 1894.

Tun farko ba a yi ta don jama'a ba. Tsarin mulkinta ya ƙayyade cikakkun mambobi ga mutum 100, kuma sharaɗin shiga shi ne mutum ya taɓa kashe aƙalla nau'i uku na manyan namun dajin Amurka da bindiga, ta hanyar da ƙungiyar ta yarda da ita. Cikin mambobin farko akwai sanatoci, lauyoyi, janar-janar, masana kimiyya da attajirai. Ƙarancinsu bai rage musu ƙarfi ba, domin mutane ne da ƙofar minista ko ta ɗan majalisa ba ta rufe musu.

Daga Yellowstone zuwa fadar shugaban ƙasa

Yaƙinsu na farko a kan gandun Yellowstone ne. An keɓe shi tun 1872, amma dokar da ta kafa shi ba ta tanadi hukunci ga mai farautar sata ba. Sojojin da ke gadinsa ba su da abin yi wa wanda suka kama illa su ƙwace kayansa su kore shi. Ƙungiyar ta yi shekaru tana neman gyara, tana kuma tare yunƙurin wasu 'yan kasuwa na ratsa gandun da layin dogo.

Abin da ya karya turjiyar majalisa ya faru ne a watan Maris na 1894, lokacin da aka kama wani mafarauci mai suna Edgar Howell yana feɗe ɓaunayen da ya harbe a cikin gandun. Aka yi dace wakilin mujallar Grinnell, Emerson Hough, yana wurin. Labarin ya bazu a jaridu, jama'a suka fusata, kuma ɗan majalisa John Lacey na jihar Iowa, wanda mamban ƙungiyar ne, ya gabatar da ƙuduri. A watan Mayu na wannan shekara Shugaba Grover Cleveland ya sa hannu, aka tanadi tara da ɗauri. Duk da haka, ɓaunayen daji da suka rage a Yellowstone a farkon shekarun 1900 ba su kai 30 ba. A 'yan shekarun nan adadinsu yana tsakanin 4,000 da 6,000.

Lacey ya sake kawo wata doka a 1900 wadda ta fi ta farko tasiri. Ta haramta ketare iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. Kafin nan mafarauci kan karya dokar jiha guda, ya loda nama a jirgin ƙasa zuwa kasuwar wata jihar inda babu mai tambayarsa. Rufe wannan ƙofa ya durƙusar da farautar kasuwa, kuma dokar tana aiki har yau, har an faɗaɗa ta zuwa kifi da katako.

Mambobin ƙungiyar suna da hannu a dokar 1891 da ta bai wa shugaban ƙasa ikon keɓe dazuzzukan gwamnati, da dokar jihar New York ta 1897 da ta hana korar barewa da karnuka da haska ta da fitila cikin dare a tsaunukan Adirondack. Sa'annan a 1901 wanda ya kafa ƙungiyar ya zama shugaban Amurka. Cikin shekarun mulkinsa zuwa 1909, Roosevelt ya sanya kimanin eka miliyan 230 ƙarƙashin kariyar gwamnatin tarayya, ya keɓe tsibirin Pelican na Florida a 1903 a matsayin mafakar tsuntsaye ta farko ta tarayya, ya kafa hukumar kula da dazuzzuka a 1905 ya danƙa ta ga Gifford Pinchot, shi ma mamba. Gandun Glacier na 1910 ƙoƙarin Grinnell ne, gandun Denali na Alaska kuwa, wanda aka keɓe a 1917, Charles Sheldon ne ya tsaya masa tsayin daka.

A 1895 wasu mambobin suka jagoranci kafa ƙungiyar nazarin dabbobi ta New York, wadda ta buɗe gidan namun daji na Bronx a 1899. Daga can aka ɗauki ɓaunaye 15 a 1907 aka kai tsaunukan Wichita na Oklahoma don farfaɗo da garke. Wannan ƙungiya ita ce yau ake kira Wildlife Conservation Society, wadda ta yi shekaru tana aiki a gandun Yankari na jihar Bauci da dazuzzukan jihar Kuros Riba.

Tambayar da ta rage ita ce inda kuɗin kula da dabbobin zai fito. Amsar ta zo a dokar Pittman da Robertson ta 1937, wadda ƙungiyoyin mafarauta da dama suka mara wa baya. Ta karkatar da harajin bindigogin farauta da harsasai zuwa hukumomin namun daji na jihohi, bisa sharaɗin kada jiha ta taɓa kuɗin lasisin farauta don wani aiki dabam. Wannan sharaɗi, wanda ba a cika ambatonsa ba, shi ne gishirin dokar, domin ya hana gwamnatocin jihohi mayar da kuɗin mafarauta aljihun ko-ta-kwana.

Farautar adalci

Aƙidar da ƙungiyar ta fi alfahari da ita ita ce wadda za a iya kira farautar adalci: mafarauci ya bi dabba mai 'yancinta a dajinta, ba tare da wata dabarar da za ta toshe mata hanyar tsira ba. Tsarin mulkin farko ya jera abubuwan da suka saɓa wa haka, kamar kama dabbar beyar ko kyarkeci da tarko, haska dabba da wuta cikin dare, bin barewar da ta maƙale cikin dusar ƙanƙara, da harbin dabba daga kwale-kwale tana iyo. Mamban da ya aikata ɗaya daga ciki yana iya rasa kujerarsa.

Zamani yana canzawa, jerin yana ƙaruwa. A 1963 ƙungiyar ta daina karɓar dabbar da aka hango daga jirgin sama aka sauka aka harbe. Daga baya aka ƙara korar dabba da mota, amfani da na'urorin sadarwa wajen jagorantar mafarauci, harbin dabbar da aka killace cikin shinge, da jirage marasa matuƙa. Duk mai neman a shigar da dabbarsa cikin kundi sai ya sa hannu a takardar rantsuwa cewa bai karya ko ɗaya ba.

Asalin kundin

Tunanin adana ƙahoni ya samo asali ne daga ɗebe tsammani. A 1906 Hornaday da abokansa suka fara tara kawunan manyan dabbobi a gidan namun daji na Bronx, aka gina musu zaure na musamman a 1922, aka sadaukar da shi ga tunawa da manyan namun dajin duniya masu ƙarewa. Masu tarawar sun ɗauka jikokinsu ba za su ga waɗannan dabbobi a raye ba, don haka gara a bar musu ko da ƙaho. Tarin ya koma hannun ƙungiyar a 1978, ya daɗe a garin Cody na Wyoming, yanzu kuma yana wani gidan tarihi a Springfield na jihar Missouri.

Littafin awo na farko, Records of North American Big Game, ya fito a 1932 bisa jagorancin Prentiss Gray. Ba shi ne irinsa na farko a duniya ba, domin kamfanin Rowland Ward na Landan ya fara buga nasa tun 1892, kuma shi ne mafarautan Afirka suka fi sani. Awon 1932 mai sauƙi ne, tsawon ƙaho ko faɗinsa, abin da ya jawo gardama: wanne ya fi, dogon ƙaho siriri ko gajere mai kauri? Ƙungiyar ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Samuel Webb, wanda ya haɗa da Grancel Fitz da James Clark, mutum biyu da kowannensu ya riga ya ƙirƙiro nasa tsarin. Abin da suka cimma aka amince da shi a 1950, kuma shi ake bi har yau. Ƙungiyar Pope and Young ta masu farauta da kwari da baka, wadda aka kafa a 1961, shi ta ara.

Yadda ake awon

Ba a auna ƙaho sai ya yi kwana 60 yana bushewa, domin ɗanye yakan ɗan tsuke. Masu awon 'yan sa-kai ne da ƙungiyar ta horar. Suna amfani da siririn tef na ƙarfe, suna rubuta awo zuwa kashi ɗaya cikin takwas na inci, inci guda kuwa kusan santimita biyu da rabi ne.

A barewa mai farin wutsiya, ana auna tsawon babban reshe na dama da na hagu, tsawon kowane ƙaramin reshe, kaurin ƙaho a wurare huɗu a kowane gefe, da tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu. Reshe ba ya shiga lissafi sai ya kai inci guda, tsawonsa kuma ya fi faɗinsa. Ana haɗa jimla, sa'annan a cire duk bambancin da ke tsakanin dama da hagu. Ke nan tsarin yana fifita daidaito. Saboda akwai barewar da ƙahonta kan fito a hargitse, an raba rukuni biyu: na daidaitaccen ƙaho, inda rassan da suka fita tsari suke rage maki, da na hargitsattse, inda suke ƙara shi. Barewa ba ta shiga babban kundi sai ta kai maki 170 a rukunin farko ko 195 a na biyu.

Beyar da zakin dutse ba su da ƙaho, don haka ƙoƙon kai ake aunawa, a haɗa tsawo da faɗi, zuwa kashi ɗaya cikin 16 na inci. Rukunonin kundin sun haura 30, dukkansu na dabbobin asali na Amurka ta Arewa. Duk bayan shekara uku ana taron karramawa, inda alƙalai ke sake auna waɗanda suka fi maki kafin a tabbatar da su.

Fitattun shafuka

Labarin da ya fi shahara shi ne na James Jordan, matashin da ya harbi wata barewa a gundumar Burnett ta jihar Wisconsin a watan Nuwamba na 1914. Ya miƙa kan ga wani mai sana'ar gyaran kawunan dabbobi don ado, mutumin ya ƙaura daga garin, kai ya yi ɓatan dabo. Bayan fiye da shekara 40, wani ya tsince shi a kasuwar gwanjo a jihar Minnesota kan 'yan daloli. Da aka auna ya ba da maki 206 da 1/8, ya zama zakaran duniya, amma an rubuta shi ba sunan mafarauci. Jordan, wanda ya tsufa a lokacin, ya gane kan ya ce nasa ne, ƙungiyar kuwa ta ɗauki shekaru tana bincike. Ta amince da iƙirarinsa a watan Disamba na 1978, wata biyu bayan rasuwarsa. Kambin ya zauna har watan Nuwamba na 1993, lokacin da wani manomi, Milo Hanson, ya harbi barewa mai maki 213 da 5/8 kusa da garin Biggar na lardin Saskatchewan a Kanada.

Zakaran rukunin hargitsattsen ƙaho babu wanda ya harbe shi. An tsinci gawarsa ne a 1981 a gundumar St. Louis ta Missouri, da maki 333 da 7/8, kuma mallakar hukumar kare namun daji ta jihar ne. Haka ma ragon dutse mafi girman ƙaho a kundin, mai maki sama da 216, tsintar ƙoƙon kansa aka yi a wani tsibiri na tafkin Flathead a Montana. Ƙungiyar kan kafa hujja da irin waɗannan cewa dabbar ake rubutawa, mafarauci ɗan rakiya ne. Cikin tsofaffin kambunan da suka gagara har yau akwai ragon dutsen da L. S. Chadwick ya samo a 1936 a yankin kogin Muskwa na British Columbia, mai maki 196 da 6/8, wanda kowane ƙahonsa ya haura inci 50, da beyar ta tsibirin Kodiak ta 1952 mai maki 30 da 12/16, wadda aka harba don gidan tarihin Los Angeles.

Abin da kundin ke nunawa, da sukar da ake yi masa

Girman ƙaho ya dogara ne ga shekarun dabba, abincinta da gadonta. Namijin barewa yakan zubar da ƙahonsa kowace shekara ya tsiro sabo, kuma ba ya kai ƙololuwa sai ya manyanta a ƙasa mai albarka. Don haka, a cewar ƙungiyar, yawan manyan ƙahoni daga wata gunduma shaida ce ta lafiyar dajinta. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Barewa mai farin wutsiya, wadda ƙiyasi ya nuna ba ta wuce rabin miliyan ba a wajajen 1900, yanzu ana maganar kimanin miliyan 30, kuma shafukan kundin sun ƙaru tare da ita.

Amma kundin yana da iyaka a matsayin hujjar kimiyya. Manya kaɗai yake ɗauka, kuma sai waɗanda masu su suka ga dama suka kawo. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2003 kan ragunan dutsen Ram Mountain na lardin Alberta ya nuna cewa ɗauke masu manyan ƙaho shekara da shekaru ya sa ƙahonin garken suna ƙanƙancewa. A 2013 wasu masana suka nazarci dubban bayanan kundin kansa, suka ga raguwar ƙasa da kashi 2 cikin 100 a tsawon shekaru gommai, suka fi danganta ta da yawan harbin mazan dabbobi kafin su tsufa. Akwai kuma illar da maki ya haifar a kasuwa: gonakin da ake kiwon barewa a killace, ana zaɓen iri don ƙaho, ana sayar da damar harbi da tsada. Ƙungiyar ba ta karɓar irin waɗannan, amma da ma'auninta ake tallata su.

Tarihin mutanenta ma yana da tabo. Madison Grant, wanda ya shugabanci ƙungiyar a ƙarshen rayuwarsa kuma ya yi aiki tuƙuru wajen ceto ɓauna da manyan itatuwan Kalifoniya, shi ne ya wallafa littafin The Passing of the Great Race a 1916, mai da'awar fifikon wani jinsin Turawa. An fassara shi zuwa Jamusanci, 'yan Nazi suka rungume shi. A watan Satumba na 1906, lokacin da Grant da Hornaday ke jan ragamar gidan namun daji na Bronx, an nuna wani ɗan Kwango mai suna Ota Benga ga 'yan kallo a sashen birai, har sai da limaman cocin baƙar fata suka tayar da jijiyar wuya. Wildlife Conservation Society ta nemi afuwa kan wannan a 2020.

Haka nan, dokokin da suka ceci dabbobi sun faɗa a kan talakan da ke farautar tukunya da kuma ƙabilun asali. Ƙasar da ta zama gabashin gandun Glacier ta 'yan ƙabilar Blackfeet ce, suka sallama ta a yarjejeniyar 1895 wadda Grinnell yana cikin wakilan gwamnati a kanta, bisa alkawarin za su ci gaba da farauta a wurin. Da aka kafa gandun, gwamnati ta ce alkawarin ya faɗi. Gandun ɓauna na Montana da aka keɓe a 1908 an yanko shi ne daga ƙasar ƙabilun Salish da Kootenai, kuma sai a 2020 majalisa ta yi dokar mayar musu da shi.

Ƙungiyar a yau

Cikakkun mambobi har yanzu 100 ne, amma an buɗe matakin ƙwararru ga masana da jami'an namun daji, da matakin magoya baya ga duk mai so. Tun 1992 ofishinta yana cikin tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Missoula a bakin kogin Clark Fork. Tana ɗaukar nauyin kujerun farfesa da ɗaliban bincike a wasu jami'o'i, ciki har da Jami'ar Montana. A tsakiyar shekarun 1980 ta sayi gonar kiwo mai kimanin eka 6,000 kusa da Dupuyer, a gindin tsaunukan Rocky, ta sa mata sunan Roosevelt. A can ake kiwon shanu a fili guda da barewa da beyar, ana gwada yadda makiyayi da naman daji za su raba ciyawa da ruwa.